Kaset Ɗin Bikin Goggo: Gado Ne Ko Amana?

A gidaje da yawa na Yola da Jimeta akwai wani kwali ko tsohuwar akwatin ƙarfe da ba a cika buɗewa ba, a saman wadirob ko a ƙarƙashin gadon uwar gida. Cikinsa kaset-kaset ne na bidiyo, baƙaƙe, kowanne da 'yar farar takarda a gefe an rubuta da biro: ɗaurin auren wane, sunan wance, saukar karatu, dawowar Alhaji daga Makka, naɗin sarauta, hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo. Wasu an ɗauke su tun jihar tana amsa sunan Gongola, kafin a raba ta zuwa Adamawa da Taraba a Agustan 1991. Yaran da suka yi ta tsalle a gaban kyamara a lokacin, yau su ne iyayen amare. Na'urar da ake kallo da ita kuwa ta daɗe da mutuwa, wataƙila ma 'yan gwangwan sun auna ta a kilo.

Kwanan waɗannan kaset ya kusa ƙarewa, ko an kula da su ko ba a kula ba. Kamfanin JVC na Japan ne ya fito da samfurin VHS a 1976, kuma a Yulin 2016 kamfanin Funai, na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallonsa, ya daina. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti da hoto ta duniya, IASA, suka yi shelar gargaɗi cewa wajejen 2025 kunna kaset mai zare zai fara gagarar mutane: babu sababbin na'urori, babu kayan gyara, masu gyaran ma tsufa ya kama su.

Wannan zancen na'ura ne kawai. Shi kansa zaren leda ce siririya da aka shafa wa garin maganaɗisu da wani irin gam. Zafi da laima su ne ajalin gam ɗin, Yola kuwa ta haɗa duka biyun. A Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, da damina kuma raɓar Binuwai ta shiga ko'ina, har cikin akwati, sai farar fumfuna ta fito a kan naɗin zaren ko ya manne da juna. Ga ambaliya: ta 2012 da ta 2022, shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun shiga ɗakunan mutane a garuruwan bakin kogi. Ga kuma waɗanda suka gudo Yola daga Madagali da Michika da Mubi a 2014 da kayan jikinsu kaɗai. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar kaset. Ba abin mamaki ba ne a samu zuri'ar da kwafin da aka taɓa aika wa wata 'yar uwa mai aure a Jimeta shi ne kaɗai abin da ya rage mata na fuskar mahaifi da muryarsa.

Aikin juyawar kansa ba shi da wani sihiri. Ana buƙatar bidiyo mai rai, da 'yar na'urar da ke karɓar wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, ta shigar da hoton cikin kwamfuta. Sai haƙuri. Kaset mai awa 3 sai ya ci awa 3 cur yana juyawa, in an ɗauke wuta a tsakiya a tayar da janareta a tariyo. Wanda ya san aikin ba ya jefa kaset mai fumfuna cikin na'ura haka kawai. Sai ya kwance sukurorin bayansa, ya goge zaren a hankali, ya share kan bidiyon da sifirit, in zaren ya tsinke ya yanke wurin ya haɗa. Daga nan allo ya yi shuɗi, layuka su gilma, kwanan wata ya fito a kusurwa, kiɗa ya taso a dishe.

A ɗauki misalin 'yan gida ɗaya da suka taru a kan kwamfutar babban wansu. Ga tsakar gidan da aka rushe tuni aka yi bene a wurin. Ga wata mata ta gifta da tire a kai, ta lura da kyamara, ta ja gyale ta rufe fuska tana dariya. An yi shekaru da binne ta.

"Wayyo, ga Dada!" in ji ƙaramar cikinsu. Kafin hawayenta su bushe ta ɗauko waya. "Hamma, don Allah tura min ta WhatsApp."

"Bari a gama tukuna," in ji shi.

Wannan 'yar buƙatar, wadda babu mugun nufi ko kaɗan a cikinta, ita ce mafarin tambayar addini da ke cikin lamarin. Amma yawanci ba ita mutane ke fara kai wa malam ba. Abin da suke fara tambaya shi ne: ajiye hoton mamaci ya halatta?

Malamai sun daɗe da tattauna wannan. Hadisan da suka tsananta a kan masu yin siffofi suna cikin Bukhari da Muslim, babu mai musun su. Saɓanin yana kan abin da suka ƙunsa. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta malaman Fombina, wato masarautar Adamawa, suka tashi tun zamanin Modibbo Adama, abin da aka haramta kai tsaye shi ne siffar mai rai cikakkiya mai inuwa, wato gunki ko mutum-mutumi. Wadda aka zana a kan takarda ko tufa ba ta wuce karhanci ba. Abin sha'awa, a babin walimar aure ne Muhtasar na Halil da masu sharhinsa irin su Dardir suka kawo zancen, wajen bayanin abin da zai ba mutum uzurin ƙin amsa gayyata. Wato tun kafin a san kyamara, biki da hoto suna tafe tare a littattafan fiƙihu.

Da kyamara ta zo, muftin Masar Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa tsare inuwar halittar Allah ce kamar yadda madubi ke nuna ta, ba ƙaga wata halitta ba. Shehu Ibn Baz da Shehu Albani sun tsaurara, ba su ba da dama ba sai da lalura ko maslaha. Shehu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, ya yi wa bidiyo sauƙi, hujjarsa kuwa kowane mai gyaran kaset zai gane ta: a zaro zaren a ɗaga shi a rana, babu fuskar kowa a jikinsa. A aikace, zancen ya kusa mutuwa a ƙasar nan. Izala da ɗariƙu duka suna ɗaukar tafsirinsu a bidiyo, suna da tashoshin talabijin da shafukan Facebook. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da ra'ayin masu tsaurarawa yana da magabata, ba abin zargi ba ne. Amma a ganin mai wannan rubutu, ko da an gama da hukuncin hoto, ba a taɓa babbar matsalar ba.

Babbar matsalar ita ce: waɗanda ke cikin kaset ɗin, wa suka yarda ya gan su?

A tuna yadda ake kallon kaset a da. Ɗaya ne, ko biyu in an yi wa dangin ango kwafi. Yana ɗakin uwar gida. Kafin a kalle shi sai an samu wuta, an samu na'ura, an aiki yaro ya ɗauko. Baƙo namiji iyakarsa zaure, kaset ɗin kamu da sa lalle ba ya fitowa can. In maƙwabciya ta ara, an san hannun da yake, kuma za a aika a karɓo. Ko an yi niyyar yaɗa shi, kowane kwafi ya fi na baya dishi-dishi, har a kai inda ba a gane fuska. Masanin nan Brian Larkin ya yi dogon bayani kan wannan lalacewar hoto a littafinsa na 2008 game da harkar bidiyo a Kano. Wahalar da ke tattare da kaset ita ta riƙa tsare mutuncin waɗanda ke ciki, ba tare da kowa ya tsara hakan ba. Matar da ta ajiye mayafi ta shiga fili ta yi rawa a cikin 'yan uwanta mata, da wannan lissafin ta shiga. A gidajen Fulani, inda kunya take da nauyin da ya kai uwa ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari, yarda a ɗauki mace tana dariya baki buɗe ba ƙaramin sakin jiki ba ne. Ta yi ne don ta san iyakar masu kallo.

Fayil ɗin da ke cikin waya bai san wannan iyaka ba. Kwafinsa na dubu daidai yake da na farko. Daga zauren WhatsApp na dangi zuwa sitatus ɗin wani jika, daga nan zuwa TikTok da waƙar zamani a kai da rubutun barkwanci game da ɗaurin ɗankwalin mutanen da, tafiyar yini ɗaya ce. Masu harkar fim a Kano sun ga ƙarshen irin wannan a 2007, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya fita daga hannun masu shi ya bi wayoyi ta Bluetooth, ya rusa rayuwar wata 'yar wasa, ya jawo aka dakatar da shirya fina-finai na tsawon watanni. Kaset ɗin biki bai kama ƙafar wannan ba wajen muni, amma hanyar fitar ɗaya ce, kuma yanzu ta fi faɗi.

Sannan mutanen da ke ciki sun canza. Budurwar da ke juyi a gaban makaɗa yau malamar Islamiyya ce a Luggere ko Doubeli, da hijabi har ƙasa. Amarya da angon sun rabu, kowa ya yi wani auren, kuma mijinta na yanzu ba ya son ganin hannun wani a kafaɗarta. Saurayin da ke liƙa kuɗi yana tangaɗi ya tuba, ya je Hajji, shi ke jan sallah a unguwa. Adamawa kuma tana da nata nau'in na daban, domin jiha ce da ake samun Musulmi da Kirista a zuri'a ɗaya, wani lokaci a ɗaki ɗaya. Akwai Alhajin da zai bayyana yana yaro a sahun mawaƙan coci, akwai dattijuwar zumuntar mata da za a gani tana yarinya da allo a hannu. Wani zai yi dariya ya ce tarihinsa ne. Wani kuwa bai taɓa gaya wa surukansa ba, kuma shi ke da ikon zaɓar ranar da zai faɗa.

Musulunci bai bar wannan fage babu magana ba. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya fassara giba da ambaton ɗan uwa da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne, kuma Imam Gazali a Ihya ya bayyana cewa ba da harshe kaɗai ake yin ta ba: nuni da kwaikwayo da rubutu duk suna ciki. Danna "tura" bai fi ƙarfin wannan ma'auni ba. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke ɗaukar abin da ya gudana a majalisa a matsayin amana. Bukhari ya kawo hanin aibata matattu daga Nana A'isha. Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta bayyana adonta a gabansu, kuma mabiyan shafin jikanta ba sa cikin lissafin. In aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa shi ne magaji ya gaji robar kaset da zarensa, amma izinin da mutanen ciki suka bayar ba ya cikin tarikar da ake rabawa.

A nan ne mai shagon juyawa ya shigo, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Shi ne baƙon namiji na farko da zai zauna awa 3 yana kallon cikin gidan mutane, kuma kwafin yana zama a kwamfutarsa bayan an biya shi an tafi. Malaman fiƙihu sun so mai wankan gawa ya kasance amintacce, wanda zai ga abin da ya gani ya yi shiru. Mai wannan sana'a yana buƙatar irin wannan hali, ko da dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ba ta taɓa leƙa shagonsa ba. Iyalin da suka zaunar da ɗansu a wurin har a gama, suka ga an goge kwafin shagon a gabansu, ba su yi rashin yarda da kowa ba. Inda aka samu mace mai iya aikin, kaset ɗin mata ya fi dacewa da hannunta.

To, me zai hana a huta, a tara kaset ɗin a cinna musu wuta? Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ba don jahilci ba. Wani yana tsoron mahaifiyarsa tana kabari ana ci gaba da kallonta babu lulluɓi, ana rubuta mata abin da ba ta da ikon hanawa. Tsoro ne na ɗa mai jin ƙai.

Sai dai ƙonawa ba ta da gyara, kuma mai ashana ba shi kaɗai ne ɗa ba. Ƙanwar da aka yaye bayan rasuwar uwar, wadda ba ta san muryarta ba sai a wannan zaren, tana da haƙƙi. Tarihin Musulunci ya san adanawa, ya kuma san ƙonawa, amma a duba yadda aka jera su. Bayan yaƙin Yamama, da mahaddata suka yi shahada da yawa, Sayyidina Umar ya matsa wa Sayyidina Abubakar a tattara Alƙur'ani. Abubakar ya yi jinkiri da farko don abu ne da Annabi (SAW) bai yi ba, daga baya ya ɗora wa Zaidu bin Sabit aikin. Sayyidina Usman ya ba da umarnin ƙona sauran rubuce-rubucen, amma sai bayan an kwafe, an tantance, an aika wa garuruwa. Umar bin Abdul'aziz ya sa a rubuta hadisai don tsoron tafiyar malamai da iliminsu. Ba ana daidaita kaset ɗin biki da waɗannan ba ne, Allah ya kiyaye. Abin lura shi ne tsarin: tsoron ɓacewa hujja ce karɓaɓɓiya ta komawa sabuwar hanyar ajiya, kuma ba a hallaka abu sai an yi shawara an tabbatar da abin da za a rasa.

Abin da za a rasa kuwa ya wuce gida ɗaya. Lamiɗo Aliyu Musdafa ya hau gadon sarauta a 1953 ya rasu a Maris 2010, kusan shekara 57, kuma rabin ƙarshe na wannan zamani ya faɗo daidai lokacin kyamarar bidiyo. Yadda ake jera dawaki a hawansa, kirarin da ake yi, Fulatancin tsofaffin Yola kafin Hausa ta mamaye bakin jikokinsu, wasan kamun kifi na Njuwa, bikin Vunon na Bwatiye a Farai, waƙoƙin zumuntar mata na cocin LCCN da ya samo asali a Numan tun 1913, fasalin kasuwar Jimeta kafin a sake gina ta: da yawan wannan babu wanda ya ɗauke shi da niyyar tarihi. Ya shiga ne ta bayan amarya, ta gefen mai jawabi. Masu bincike suna tafiya har Arewa House a Kaduna don duba takardun Modibbo Ahmadu Fufore. Jikokinsu za su nemi irin wannan shaida game da shekarun 1980 da 1990, kuma mafi yawanta tana cikin kwalaye a saman wadirob.

Kaset ɗin wa'azi da karatu ya fi sauƙin hukunci, a kallon farko. Hadisin Abu Huraira a Muslim ya ambaci ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Shehu Abubakar Gumi ya rasu a 1992, Shehu Nasiru Kabara a 1996, an kashe Shehu Ja'afar Mahmud Adam a 2007, amma muryoyinsu suna tashi kullum a motocin haya da shagunan tela, saboda wasu sun zauna sun juye kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa memori. Malamin zaure na Wuro Hausa da ya karantar da Risala ko Ishiriniya shekaru, wanda wani almajiri ya ɗauka da 'yar rakoda, ya cancanci irin wannan hidima, kuma shi ne ya fi fuskantar haɗarin ɓacewa don babu ƙungiyar da ke bayansa.

Amma ko nan akwai ƙaya. Aflatun ya kawo a littafinsa Phaedrus ƙorafin da Sukurat ya yi game da rubutu: yana yawo ya faɗa hannun wanda ya fahimta da wanda bai fahimta ba, in aka yi masa mummunar fassara kuma ba ya iya kare kansa. Guntun bidiyon malamin da ya rasu haka yake. A yanko daƙiƙa 40 daga karatun awa biyu, a cire tambayar da ta jawo amsar, a cire shekarar, a jefa shi cikin rigimar siyasar da aka fara bayan an binne shi. Ba zai tashi ya ce ba haka yake nufi ba, ko ya ce ya janye wannan fatawa daga baya. Yanzu ma an wuce yanka: a 2021 kamfanin MyHeritage ya fito da manhajar Deep Nostalgia mai sa tsohon hoton mamaci ya motsa ido ya yi murmushi, kuma manhajojin kwaikwayon murya suna iya sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Al'ummar da ta gina ilimin isnadi, ta ƙi karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa, bai kamata ta riƙa juye karatu babu sunan wuri, babu shekara, babu cikakken zama ba. Cikakken kwafi da asalin kaset su ne shaidar da za a koma wa ranar da aka yi wa malam ƙage.

Akwai kuma wata tambaya da ba ta da fatawa guda: kallon mamaci yana taimakon haƙuri ko yana tayar da miki? Shari'a ta yi wa makoki iyaka, kwana uku ga kowa, wata huɗu da kwana goma ga matar da mijinta ya rasu, amma ba ta hana tunawa ba. An ruwaito yadda Annabi (SAW) ya riƙa ambaton Nana Khadija da aika wa ƙawayenta kyauta shekaru bayan rasuwarta. Wani in ya ga mahaifinsa a allo sai ya tashi ya yi masa addu'a da sadaka, ya nemi abokansa ya gaishe su. Wata kuwa sai ta kwana tana tariyowa, ta kasa cin abinci. Kaset yana da wuyar kunnawa, don haka sai an yi niyya ake kallonsa. Waya tana iya jefo wa mutum fuskar mahaifiyarsa yana tsaka da ciniki a kasuwa, don wani ɗan uwa ya ga dama ya ɗora. Marubucin Faransa Roland Barthes ya gina rabin littafinsa na 1980 game da hoto a kan wani hoton mahaifiyarsa tana 'yar shekara biyar, wanda ya samo bayan rasuwarta, amma ya ƙi buga hoton a littafin, don a ganinsa ba zai zama komai ba a idon wanda bai san ta ba. Ba malamin fiƙihu ba ne, amma ya raba ajiyewa da nunawa, kuma wannan rabuwar ce ake yawan mantawa da ita.

Kada kuma a ɗauka juyewa ta gama magana. A 1986 BBC ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan zamani don cikar shekara 900 da littafin Domesday na 1086. Kafin a cika shekara 20 sai da aka yi aikin ceto na musamman don na'urar karanta faifan ta ɓace, alhali littafin fata na asali yana nan ana karantawa. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 wajen sauya ma'ajiya. Balle filashi na kasuwa, ko wayar da za a iya fizgewa a Keke Napep. Kwafi biyu a gidaje biyu, da takarda mai sunayen waɗanda suka bayyana da shekarar da wurin, da ajiye asalin kaset a inda ba zafi ba laima, sun fi alƙawarin kowane kamfani.

Matsayar mai wannan rubutu ita ce a gaggauta juyewa, a yi jinkirin turawa. Cikakken kwafi ya zauna a hannun wanda ya halatta ya ga duk abin da ke ciki, mace ko muharrami. Abin da zai shiga zauren dangi a tace shi, a nuna wa waɗanda ke raye kafin a saki. Goggon da ta ce a cire wurin da take rawa, maganarta ta fi ta masanin tarihi nauyi, ko da wurin ne ya fi kyau a kaset ɗin gaba ɗaya. Waɗanda suka rasu ba za a iya tambayarsu ba, sai a tambayi wanda ya fi sanin halinsu, in an yi shakka a karkata wajen rufawa. Za a yi saɓani, tabbas. Fayil ya kashe tsohuwar rigimar wa zai riƙe kaset, tunda kowa zai samu nasa, amma ya haifar da sabuwa, don kowane kwafi ƙofa ce da wani ke riƙe da makullinta.

Inda babu wannan sarƙaƙiya shi ne kaset ɗin hukuma. Hawan Sallah, naɗin hakimai, jawabin gwamnonin Gongola da Adamawa, wasannin gargajiya da shirye-shiryen Fulatanci da sauran harsunan jihar da NTA Yola da ATV da gidan rediyon ABC suka ɗauka, duk an yi su ne a bainar jama'a don jama'a. Gidajen talabijin na wancan zamani sun yi aiki da samfurin U-matic da Betacam, waɗanda na'urorinsu sun fi na VHS wuyar samu, don ba su yaɗu a gidajen mutane ba. Duk abin da ya rage na irin waɗannan, Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da gidan tarihin fadar Lamiɗo suna cikin gari ɗaya da shi, kuma tsofaffin ma'aikatan da suka riƙe kyamarar, waɗanda za su iya cewa wannan wane ne, a wace shekara, da yawansu sun riga sun yi ritaya.